Shekarar da Gonarmu Ta Koma Ingila

Shekarun baya can, lokacin da Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ana ta share filaye ana kafa ofisoshi, ni ɗan acaɓa ne. Duk wanda ya san ni a lokacin ya san ni da abu biyu: babur ɗina ba ya tashi sai an tura, bakina kuwa ba ya tsayawa ko an danne. In na ga akuya biyu a hanya, kafin in isa tasha sun zama garke. In na faɗa kwata, labarin da zan bayar shi ne tirela na kauce wa. Mutane sun san ƙari nake yi, ni ma na san sun sani, amma a haka ake saya mini shayi.

Gonarmu tana kan hanyar Kiyawa, da zarar ka bar duwatsun nan a bayanka. Jigawa ce sosai, farin yashi, irin ƙasar da ba ta san kunya ba: ka hana ta taki, ta hana ka gero. Daga gabas akwai wani ƙaton gawo. Wanda bai san gawo ba, itace ne mai taurin kai, da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi kore shar, shi ya sa shanu ke son gindinsa.

Mahaifina yana da aboki Bafulatani, muna ce masa Baffa. Tun kafin a haife ni suke da tsarinsu. Duk shekara in kaka ta yi, an kai gero rumbu, mahaifina zai bar kara a gona, ya aika wa Baffa goro da saƙo cewa gona ta buɗe. Baffa ya zo da shanunsa da iyalinsa, su kafa bukkoki a gindin gawon nan su yi wata biyu ko uku. Shanu su ci kara, su kwana a gonar, ana matsar da makwancinsu yau nan gobe can, har kowane lungu ya samu taki. Mu mu kai musu damin gero, matarsa ta riƙa kawo wa mahaifiyata kindirmo da man shanu. Ba takarda, ba shaida. Ƙa'ida ɗaya ce kawai: Baffa ba ya zuwa sai an aika. Ko da shekara ɗari yake zuwa, in goro bai iske shi ba, ba zai tako gonar ba. A wurinsa shiga gonar mutum ba kira rashin kunya ne, kuma gara shanunsa su rame da a ce ya yi rashin kunya.

To, yayana malamin gona ne, aka zaɓe su aka tura su kwas Ingila na 'yan watanni. Jama'a, mutumin nan ya tafi lafiya lau, ya dawo in ya taka kaza sai ya ce mata sori. Ya zo da wata jibgegiyar rigar sanyi da yake sawa ko ana zafin da kifi zai soyu a rijiya, da kundin hotuna guda.

Amma maganar gaskiya, hotunan nan sun ƙayatar. Ba birni aka kai su ba, wani yankin karkara ne, sunansa ko shi da ya je sai ya murɗe baki kafin ya faɗa. Tuddai ne a jere kamar an kifa ƙore, kore shar ko'ina, har sai da mahaifiyata ta lakaci hoton da yatsa ta ga ko fenti ne. Kowace gona an kewaye ta da shingen itatuwa a aske tsaf kamar kan ɗan makaranta. Ga tumaki masu kama da buhun auduga, an shafa wa kowace launi a baya don a san ta wane ce. Ga wani ɗan gari da yake cewa nan ce kasuwarsu, mako-mako take ci kamar tamu, da dogon agogo a tsakiya, manoma su gangaro daga ƙauyuka da dankali da cuku da tuffa. Ya ce dillalin shanunsu ɗaya ne, yana tsaye a kan dakali yana zuba magana kamar an kunna inji, masu saye kuwa ba mai cewa uffan, sai dai a ɗaga gira. Na ce, "Yaya, wannan ai ni aka yi wa aikin, ka nemo mini."

Abin da ya shiga ransa dai shinge ne. Ya ce zai tare iskar da ke kwashe mana ƙasa, ya hana awakin gari cinye wake. Mahaifina ya saurare shi tsaf yana ɓare gyaɗa, sannan ya ce, "Na ji. Baffanku ta ina zai shigo?"

Yayana ya ce, "Baba, ai shi na fara tunawa. Zan bar masa ƙofa a wajen gawo, mai faɗin da shanu biyar za su jera."

Haka aka yi. Da bazara muka saro aguwa muka daddasa a kewayen gonar, damina ta zo ta kama. Kafin kaka, duk mai wucewa ta hanyar Kiyawa sai ya rage gudu ya kalla. 'Yan tasha suka sa mata suna gonar Ingila. Wa kuke tsammani ya fara sa sunan? Ni ne mana.

Da aka gama kai gero gida, ranar kasuwar Shuwarin mahaifina ya kira ni da safe. Ya miƙo mini goro fari guda biyar a ƙunshe cikin ganye, ya ce, "Tunda kai ne mai ƙafar ƙarfe, ka nemi Baffanka a wajen 'yan shanu. Ka ba shi wannan, ka ce ina gaishe shi, gona ta buɗe, ƙofarsa tana wajen gawo. Maimaita."

Na maimaita. Har na ji haushi, saƙo layi uku ake sa ni bita kamar ɗan aji ɗaya.

Na iske Baffa inda aka ce, a inuwar wata bishiya, ya rataya hannuwa a sandarsa, ana cinikin wani bijimi. Na durƙusa na gaishe shi. Ban kai ga sa hannu a aljihu ba, wani dillali da ya san hali ya ce, "A'a, ga mutanen Ingila! Kai ɗan acaɓa, wai da gaske gonarku ta bar Najeriya?"

Mutum goma sha suka juyo suna kallona. Ni kuwa in an juyo ana kallona, shi ke nan, hankalina ya tafi hutu.

Na miƙe na gyara tsayuwa na ce, "Gona? Ai ta wuce gona, ofishin jakadanci ce yanzu. Saniya in za ta shiga sai da fasfo. Hoto biyu, kunnuwa a waje, ba murmushi. Likita ya duba haƙoranta. Kashi ma an hana yin sa barkatai, an gina musu bayi a jere, kowace da butarta."

Wuri ya kece da dariya. Wani tsoho har da sakin igiyar ɗan maraƙinsa. Dillalin nan yana share hawaye ya ce, "To shanun Baffa fa? Su da suka saba?"

Na ce, "Shanun Baffa? Ai yayana ya ce ƙahonsu ya yi tsawo, za su yaga masa shinge. Sai dai a kai su wajen wanzami a rage."

Aka sake kwashewa. Baffa ma ya yi murmushi, irin nasa na gefen baki, ya ce, "Too. Allah ya sanya alheri."

Daidai nan wani ɗan kasuwa ya ɗaga hannu daga bakin titi, da buhunsa, yana kiran Kiyawa. Na hango wani ɗan acaɓa ya nufe shi. Na ce, "Baffa, ina zuwa!" na ruga. Daga Kiyawa na samu mai zuwa Dutse, daga Dutse na samu wani. Ban koma ba.

Da yamma mahaifina yana alwala ya ce, "Ka ga Baffan naka?"

Na ce, "Na gan shi, Baba."

"Lafiya yake?"

"Lafiya lau, har da dariya."

Ya ce madalla. Ku lura, ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Sai da na zo cire riga na ji ƙunshin ganye a aljihu. Na ce a raina ba komai, kasuwa mai zuwa zan kai masa. Na cusa goron cikin ɗan akwatin sifanu na babur. Kasuwa ta zagayo, na je, ba Baffa. Na tambaya, aka ce ya ɗaga, ya yi wajen Kafin Hausa da shanunsa, wani manomi ya kira shi.

A nan ya kamata in je in faɗa wa mahaifina. Tafiyar rabin yini ce a babur, da an gyara. Amma na san abin da zai biyo baya, kuma ni gwanin ba mutane dariya ne, ban iya tsayawa ana kallona ba a dariya ba. Sai na yi shiru. Ni fa, da ban taɓa yin shiru ba tunda aka yanke mini cibiya.

Kara ya tsaya a gona har ya fara zubewa. Kullum da hantsi mahaifina zai ce zai je duba shinge, ya je ya zauna a gindin gawo yana kallon burtali, hanyar da shanu ke biyowa. Mahaifiyata ta wanke ƙwaryar da ake zuba mata kindirmo, ta kife, bayan kwana biyu ta sake wankewa. Da aka yi wata guda, mahaifina ya ce a je a kwaso karan a yi danga. Abin da ya ce kawai shi ne, "Mutum ya ga an kewaye wuri da shinge, ai ya fahimta." Bai kalli yayana ba da ya faɗa, kuma wannan rashin kallon ya fi mari.

Yayana ya ce, "Baba, ko in je in same shi?"

Ya ce, "A'a. Na aika masa goro ya karɓa. Ya fi mu sanin inda shanunsa za su ƙoshi. Ba a roƙon mutum ya zo inda ransa bai kwanta ba."

Ina zaune a wurin ina cin tuwo. Na kai loma, na kora da ruwa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne wata ranar kasuwa can cikin rani. Na ɗauko mahaifina a babur, muna sauka sai ga Baffa ya kawo saniya sayarwa. Na ce yau asirina ya tonu. Suka riƙe hannun juna suka shiga gaisuwa. Ina gajiya, ina iyali, yaya shanu, yaya ƙafar nan taka, yaya mai ɗakinka, ina labarin wane da ya yi rashin lafiya. Sun tambayi lafiyar kowa har da jakin Baffa. Gona ce kawai ba wanda ya ambata. Wannan yana ganin an rufe masa ƙofa, kunya ta hana shi tambaya. Wancan yana ganin an ƙi kiransa, girma ya hana shi tambaya. Ni da na san komai ina tsaye a gefe ina goge madubin babur da ba shi da datti. Suka yi sallama cikin mutunci, kowa ya juya.

Damina ta zo. Takin zamani a shekarun nan kun san yadda yake, sai ka ji labarinsa ba ka gan shi ba, ko malamin gona sai ya yi sa'a. Gero ya fito siriri, rawaya-rawaya, wuta-wuta ta mamaye tsakiyar gonar da furenta mai kyau kamar ta zo biki. 'Yan tasha suka samu abin yi. "Yaya Ingila? An ce bana Turawa sun yi asara." Yayana in zai wuce tasha sai ya sunkuyar da kai. Rigar sanyin ma ya daina sawa. Tsakaninsa da mahaifina kuwa sai gaisuwa, daga ina kwana sai sai da safe. Mutanen da a da in sun zauna zancen iri da ƙasa sai an kira su cin abinci sau uku.

Bayan an kwashe ɗan abin da aka samu, wata safiya na biya ta gona na hango mutum yana sara. Yayana ne, shi kaɗai, da adda, yana sare aguwar da ya dasa da hannunsa. Ya riga ya kwantar da kamar taku ashirin. Idonsa jawur. Ya ce ruwan aguwa ne ya fallatsar masa. Na ce to.

Ya zauna a kan tushen kara ya ce, "Gara in cire. Ko Baffa zai ji labari ya dawo, ko Baba zai sake kallona." Can ya ce, "Ka san abin da ya fi ba ni takaici? Ka tuna hoton nan na tumaki cikin gona, wanda wani dattijo mai hula yake jingine da ƙofa?"

Na ce na tuna.

Ya ce, "Tumakin ba na mai gonar ba ne. Na wannan dattijon ne, a kan tudu yake zaune. In sanyi ya shigo ciyawa ta ƙare a sama, sai ya gangaro da su gonar abokinsa, su ci ganyen da ya rage, su bar masa taki. Iyayensu ma haka suka yi. Shingen da kuke gani, kowanne da ƙofarsa, har da ɗan matakala na katako don mai wucewa a ƙasa ya tsallaka. Ranar da na ga haka na kasa cin abinci don kewar gida. Na ce ashe Baba da Baffa har a nan akwai su. Duk abin da na gani a ƙasar nan, shi ya fi burge ni. Shi ne kuma na dawo na rushe na gidanmu."

Jama'a, ban san lokacin da na je wajen babur ba. Na buɗe akwatin sifanu na ɗauko ƙunshin nan. Ganyen ya zama gari, goron ya ƙanƙance ya yi baƙi kamar tsakuwa, ga warin baƙin mai. Na ajiye a gabansa na faɗa masa komai, har da fasfo, har da wanzami. Karon farko a rayuwata da na ba da labari ban ƙara ko gishiri ba.

Na zaci zai sare ni da addar. Kallona kawai ya yi ya ce, "Shekara guda?" Na ce shekara guda. Ya ce, "Tashi mu je wajen Baba. Da bakinka za ka maimaita."

Mahaifina ya ji har ƙarshe. Ya karɓi goron yana jujjuya shi a tafin hannu. Sannan ya ɗaga kai ya kalli yayana, kallo na sosai wanda ya yi shekara bai yi masa ba, ya ce, "Ka je ka mayar da abin da ka sare, aguwa ba ta da zuciya, za ta kama." Ya juyo gare ni ya miƙo goron. "Kai kuma aikenka yana nan. Wannan ɗin za ka kai masa, ba sabo ba."

Sai da na yi tambaya a ƙauye huɗu kafin na samu rugar Baffa. Na iske shi yana ɗaure maruƙa. Na durƙusa, na miƙa masa duwatsun nan biyar, na ce, "Baffa, Baba yana gaishe ka. Ya ce gona ta buɗe, ƙofarka tana wajen gawo. Saƙon bara ne. Ni na riƙe."

Ya daɗe yana kallon goron. Na shiga rantse-rantse cewa wasa nake yi ranar nan, yayana bai taɓa cewa komai a kan ƙahon shanunsa ba.

Ya ce, "Yaro, ai na san wasa kake. Wa zai yi wa saniya fasfo? Amma ka zo ranar da ake aiko ka, a lokacin da ake aiko ka. Ka yi wasanka, aka yi dariya, na tsaya ina jiran saƙo, ka tafi. Har la'asar ina gindin bishiyar nan. Sai na ce, too, abokina mai kunya ne, ba zai iya ce mini kar in zo ba, shi ya sa ya aiko mai wasa ya faɗa mini da dariya."

Ban taɓa jin maganar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba. Na ce, "To Baffa, bana fa?"

Ya ce, "Bana na riga na karɓi goron mai gonar nan. Ba zan yi masa abin da na zaci an yi mini ba. Ka ce wa mahaifinka baɗi, in da rai." Ya kwance bakin rawaninsa ya ƙulle busasshen goron a ciki. Ya sa aka dama mini fura, aka ba ni ƙwaryar man shanu in kai wa mahaifiyata.

Baɗin kuwa ya zo. Wannan karon mahaifina da kansa ya kai goro, ya ce ƙafar ƙarfe ta ishe shi haka. Ranar da za su iso duk muna gindin gawo tun hantsi. Shanu suka biyo burtali, Baffa a gaba. Yana isowa bakin ƙofar shingen ya ɗaga sanda, garke ya tsaya cak. Ya dube ni, fuskar nan ba alamar wasa, ya ce, "Ina mai duba fasfo? Ga mu, amma ba mu samu wanzami ba."

Mahaifina ya yi dariya har sai da ya dafa gawo. Ni kuwa, sarkin baki, sai na matsa gefe shanu suka shige.

Rani uku kawai suka ƙara yi tare. Wajen lokacin da aka fara shari'ar Musulunci a jiha, gari ya riga ya tunkaro mu, an yanka burtalin an yi filotai, shanu ba su da ta inda za su biyo. Baffa ya yi kudu da garkensa, daga baya muka ji rasuwarsa. Mahaifina ma bai daɗe ba. Gonar Ingila yanzu unguwa ce, har da mai cajin waya. Gawon ne kawai ya rage, da ɗan guntun aguwa a bayan wani gida, ana shanya a kai.

Har yau ina ba da labari, kuma har yau akuya biyu garke ne a bakina, wannan sai kabari. Amma in aka aike ni, ko gaisuwa ce, sai na sauke ta tukuna kafin in buɗe baki da wani abu. Abokaina suna tsokanata wai na zama kamar ɗan aji ɗaya, ina maimaita saƙo a hanya. Ba su san lissafin da nake yi ba in na wuce ta gindin gawon nan. Rani biyar ne ya rage wa tsofaffin nan biyu su zauna a inuwa ɗaya, ba wanda ya sani a cikinmu. Biyu daga ciki ni na cinye, don mutum goma su yi dariya a kasuwa.